Maganin da Ake Dasawa a Cikin Ido

Akwai kumburin ido da ba ƙwayar cuta ke haddasa shi ba: garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta far wa idonsa har gani ya dushe. Likita kan ba da ƙwayoyin sitiroyid a sha. Suna aiki, amma jini yana kai su ko'ina, su raunana ƙashi, su ta da sukari da hawan jini, alhali ido kaɗai ke ciwo. Shi ya sa na fi gamsuwa da dabarar da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2005, wato Retisert. Ɗan mitsitsin abu ne kamar ƙwayar shinkafa, ana ɗinke shi cikin ido, yana tsattsafo da magani kaɗan-kaɗan har kusan wata 30.

Masu suka na cewa yanar ido na biyo baya, matsin ido kuma ya hauhawa. Ba su yi ƙarya ba, kusan duk wanda aka dasa wa sai an cire masa yana. Sai dai yana tana da gyara, jijiyar ganin da kumburi ya cinye kuwa ta tafi ke nan. Matsin ne abin sa wa ido: wasu ɗigon magani ya ishe su, wasu sai an sake yi musu tiyata.