Ingancin Wutar Lantarki a Kankiya da Kusada

Manufarmu a wannan takarda ita ce bayyana abin da ke raunana wuta kafin ta iso Kusada. Wutar ƙasarmu mai kai-da-komo ce, sau 50 a daƙiƙa, kuma tana zuwa Kankiya ta layin Kano zuwa Katsina mai ƙarfin bolt 132,000. Gwargwadon nisa da yawan masu ja, gwargwadon faɗuwar ƙarfinta, har injin niƙa ya ɗau zafi ya ƙone. Wuta mai tafiya sambal ta fi jure nisa, shaida kuwa layin Inga zuwa Shaba a Kwango, na 1982, mai kilomita 1,700. Amma na'urorin juya ta na da tsada, kuma suna gurɓata wutar, sai an tace. Saboda haka muna ganin maganin Kusada yana kusa: gyaran ƙananan layuka da ƙarin taransifoma.