Mazari Mai Sirdi: Rayuwarsa a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun

Kalmar mazari abu biyu ta ke nufi a Hausa: sandar da mata ke kaɗi da ita, da kuma ƙwaron nan mai fukafukai huɗu da ke shawagi a bakin ruwa. Kamannin a fili ya ke, gama dukansu sirara ne dogaye, ba su kuwa rabuwa da karkarwa. Shi ya sa a kan ce jikin mai tsoro yana rawa kamar mazari. Amma sunan ya haɗa irin ƙwari masu yawa, waɗanda masana suka rarrabe. A nan za a yi bayanin guda daga cikin manyansu, wanda Bajamushe Hermann Burmeister ya bayyana a 1839, masana kuma ke kira Anax ephippiger. Kalma ta fari a Helenanci sarki ta ke nufi, ta biyu kuwa mai ɗauke da sirdi.

Tsawonsa ya kan ɗara inci 2 da rabi, faɗinsa kuwa in ya buɗe fukafukai wajen inci 4. Launinsa na rairayi ne, sai dai namijin yana da shuɗin tabo a gadon baya, kusa da gindin fukafukai. Wannan shi ne sirdin. Idanunsa biyu sun kusa rufe kan duka, kowane kuwa haɗin ƙananan idanu ne dubbai. Yana iya kaɗa kowane fiffike daban, saboda haka ya kan tsaya cik a iska, ko ya juya nan take. A cikin tashi ya ke kama abincinsa, watau sauro da ƙudaje da makamantansu. Ba shi da ƙari, ba ya harbi.

Farkon rayuwarsa a ruwa ya ke. Namiji ya kan riƙe tamata a ƙeya da ƙarshen wutsiyarsa, sau da yawa kuma ba ya sakinta har ta gama saka ƙwai cikin karan ciyawar ruwa ko ɗanyen taɓo. Ɗan da ke fitowa ba shi da fukafukai. Ta dubura ya ke zuƙar ruwa ya yi numfashi, in kuwa ya firgita sai ya feso ruwan da ƙarfi, ya cilla gaba. Leɓensa na ƙasa dogo ne, a naɗe ƙarƙashin kai, da ƙugiya a bakinsa; da shi ya ke cafke tsutsar sauro da 'ya'yan kwaɗi. Yana girma yana saɓa, har fiye da sau 10. A ƙarshe ya kan hau kara da dare, bayansa ya tsage, mazari ya fito, ya bar ɓawon a maƙale.

Abin lura shi ne saurin girman. Ɗan'uwansa Anax imperator, wanda Philip Corbet ya bi rayuwarsa a Ingila ya buga sakamakon a 1957, ya kan yi shekara 2 a ruwa a can. Mai sirdi kuwa wajen kwana 100 ya ishe shi. Dalili shi ne, tafkunan damina ya fi so, waɗanda ke cika a Yuni ko Yuli su ƙafe da kaka. Irin waɗannan ba su cika samun manyan kifaye masu cin 'ya'yansa ba, amma tilas ya gama girma kafin ruwan ya ƙare.

Idan ya fito, ba sauran ruwan da zai hayayyafa a ciki, sai ƙaura. Waɗansu su kan bi iska zuwa inda ake damina, waɗansu su ƙetare Hamada su faɗa Arewacin Afirka da Turai. A watan Afrilu na 2011 an ga da yawa a Ingila, an kuma taɓa tsintarsa har tsibirin Aisilan, inda babu wani mazari da ke hayayyafa.

To, ƙasar da ake magana a kanta ta sāke ƙwarai. An fara gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1974, aka gama a 1978, domin noman rani a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Tun daga nan ambaliyar da ta saba cika fadamun da ke ƙasa da madatsar ta ragu, sa'an nan aka sami babban tafki mai kifi wanda ba ya ƙafewa. Irin wannan ruwa ya fi dacewa da mazari mazauna wuri guda. Ga mai sirdi, abin da ya fi kama da tafkin damina shi ne fagen shinkafa, wanda ruwa ke kwanciya a ciki wata 3 ko 4. Amma fa nan ne ake fesa maganin ƙwari, magani kuwa ba ya rarrabe mai ɓarna da mai amfani. In ya kashe 'ya'yan mazari, tsutsar sauro ce ke fara komowa, gama cikin mako guda ko biyu ta ke zama sauro, ɗan mazari kuwa sai ya yi watanni. An san amfanin ɗan mazari a wannan fanni: a birnin Yangon na ƙasar Bama an taɓa zuba 'ya'yan wani iri cikin randunan gidaje, sauron ya ragu ainun.

Ga malamai masu horad da malamai, aiki biyu ke nan a buɗe. Na fari, ɗalibai su tattara ɓawon da ke maƙale jikin ciyawa a Satumba da Oktoba, su rubuta rana da wuri, gama ɓawo shaida ne cewa a ruwan nan ƙwaron ya girma, ba wucewa ya ke yi ba. Na biyu, su tambayi masunta da manoman fadama sunayen da su ke kiran manyan mazari da 'ya'yansu na ruwa, su rubuta su yadda Zamfarawa ke faɗa. Lissafin farko zai nuna inda mai sirdi ya saura, na biyu kuwa zai cika gurbi a ƙamus.