Malfar Jaji da Matasan Sakkwato

Yau a birnin Shehu muke, kuma magana ɗaya ce ke tafe da mu: ƙyamar da mutanen gari ɗaya ke nuna wa juna ba ta gushewa da doka kaɗai, sai matasan unguwa sun tashi tsaye. Dokar kam tana nan. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa, addininsa ko inda ya fito. To amma sashe na 42 ba ya zama a teburin mai shayi a Mabera ko Runjin Sambo, inda ake ce wa mutum baƙo alhali nan aka binne cibiyarsa, inda ake yi wa yaron Bafulatani kallon ɗan bindiga, inda ake gudun wanda ya tsero daga Isa ko Sabon Birni sai ka ce shi ya jawo wa kansa masifar. Matasa ne ke zama a teburin nan, don haka gyaran a bakinsu yake.

Wani zai ce ai wannan salo ne na ƙungiyoyin Turawa. Ko kusa. Mu tuna Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864. Yaƙe-yaƙen jihadi sun bar ƙauyuka cike da matan da aka ɗaiɗaita, masu harshe daban da al'ada daban. Sai ta kafa 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai amana ta naɗa ta jaji, ta sa mata malfa, ta ɗaura mata jan ƙyalle. Ku lura da malfar nan, masu sauraro, ku lura da ita. Irinta ce Innar Gobir ke sawa, wato shugabar mata a masarautar da aka gwabza yaƙi da ita. Asma'u ba ta wulaƙanta alamar ba, ta ɗauke ta ta ba ta sabon aiki, yadda Bagobira za ta hango jaji ta ga tata ce. Kuma su wa ke bin jaji a ƙafa zuwa wurin malama? Akwai 'yan mata ƙanana a ayarin. Su zo da zuma da man shanu da hatsi, a raba wa marasa lafiya da mabuƙata, su haddace waƙoƙin karatu da Hausa ko Fulatanci, su koma gida su koyar. Tsari ne daga tushe, kuma a ƙasar nan aka haife shi.

Wani kuma zai ce a bar wa manya. Manya suna nasu ƙoƙarin. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar yana shugabantar majalisar addinai ta ƙasa tare da shugaban ƙungiyar Kiristoci. Amma a watan Mayun 2022, bayan kisan ɗalibar nan Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, fadar Sarkin Musulmi ta yi tir, duk da haka sai da aka farfasa shaguna, aka taɓa majami'u, har gwamnati ta kafa dokar hana fita. Matasa ne suka cika titi a ranar. Muryar fada takan iso bayan wuta ta kama, amma abokin da zai riƙe hannun abokinsa ya ce kada ka jefa dutsen nan, yana wurin tun kafin hayaƙi ya tashi.

Akwai fargabar 'yan siyasa su saye ƙungiya su mai da ita ta banga. Gaskiya ne, kuma maganinsa shi ne a tsaya ga aikin da ba ya jiran kuɗin kowa: gayyar yashe kwata, ba da jini a asibiti, ƙwallon unguwa da za a sa Bahaushe, Bazabarme, Bayarabe da Ibo a riga ɗaya.

Lokaci ya ci mana. Samari da 'yan matan Sakkwato, ku leƙa ƙungiyarku ta unguwa ku ga wa aka bari a waje, ku je har ƙofar gidansa ku kira shi. Allah ya zaunar da mu lafiya. Sai mako mai zuwa.