Ƙibar da ke Biyo Bayan Barin Sigari: Me Ya Sa Motsa Jiki Kaɗai Ba Ya Sauke Ta?

Akwai wani koke da ake yawan ji daga bakin magidanta da suka haura shekara 40, waɗanda Allah ya ba su ikon rabuwa da sigari bayan sun daɗe suna zuƙa. Za ka ji mutum yana cewa: "Na bar taba, kullum bayan sallar asuba sai na yi tattaki, ƙarshen mako har ƙwallo nake bugawa, amma tumbi sai gaba yake yi. Duk wandunana sun matse ni." Wasu kan ɗora laifin a kan shekaru, wasu su ce gado ne. Waɗanda suka fi ban tsoro su ne masu fara raya wa ransu cewa ai lokacin da suke shan taba jikinsu ya fi sakewa, don haka ko komawa gidan jiya ne mafita.

Ruwa ba ya tsami banza. Wannan ƙiba tana da dalilai sanannu, kuma wanda ya fahimce su zai gane cewa yawancin gyaran yana cikin kwanon abinci da kofin shayi, sauran kuma yana cikin tsokar jiki da barci.

Ƙibar gaskiya ce

A shekarar 2012 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta wallafa wani nazari da ya tattara sakamakon bincike 62 da aka yi a kan waɗanda suka bar sigari. An gano cewa bayan shekara ɗaya, matsakaicin abin da mutum ke ƙarawa kilo 4 zuwa 5 ne, kuma mafi yawansa a cikin watanni 3 na farko yake taruwa. Amma ba a taru an zama ɗaya ba. Kusan 16 cikin 100 ramewa ma suka yi, yayin da 13 cikin 100 suka ƙara fiye da kilo 10. Masu yawan shan taba su suka fi fuskantar ƙiba mai yawa. Ke nan wanda ya ga jikinsa ya buɗe bayan barin sigari ba shi kaɗai ba ne, kuma ba lalacinsa ne ya jawo ba.

Aikin da nikotin ke yi a ɓoye

Sinadarin nikotin da ke cikin taba yana riƙe nauyin jiki ta hanyoyi biyu. Na farko, yana danne yunwa. A 2011 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun nuna, a gwajin da suka yi da ɓeraye, cewa nikotin yana taɓa sashen ƙwaƙwalwa da ke sanar da jiki cewa an ƙoshi. Shi ya sa mashayi zai iya wuni da kara biyu-uku da kofin shayi bai damu da abinci ba. Da zarar nikotin ya ƙare a jiki, sai yunwar ta dawo da ƙarfinta.

Na biyu, nikotin yana sa jiki ƙona makamashi fiye da ƙima, domin yana ƙara bugun zuciya ko da mutum yana zaune, kamar janaretan da aka ɗaga wa wuta yana shan mai alhali ba a ƙara masa kaya ba. Wani bincike da aka yi a ƙasar Suwizalan aka wallafa a 1986 ya gano cewa shan kara 24 a yini yana ƙara ƙonawar da kusan kashi 10 cikin 100, wato wajen kalori 200. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki. Ranar da mai shan irin wannan adadi ya daina, wannan ƙonawar ta tsaya, ko da bai ƙara loma ɗaya a kan abin da ya saba ci ba.

Ga shi kuwa yawanci sai an ƙara lomar. Cikin 'yan kwanaki da barin taba, hanci da harshe kan farfaɗo, ƙamshin miya da ɗanɗanon nama su dawo sabo fil. Sannan ga sabon hannu da baki. Wanda ya shekara 20 yana kai hannu baki bayan kowane abinci, da lokacin hira a majalisa, da lokacin ɓacin rai, ba zai iya barin gurbin nan haka kawai ba. Sai alewa ta shigo, da biskit, da gyaɗa, da cincin, da lemon kwalba. Mutum ba ya lissafa su a cikin abinci, amma jiki yana lissafawa.

Laifin shekaru ne?

An daɗe ana cewa da zarar an kai 40 jiki kan rage ƙona abinci. A 2021 mujallar Science ta fitar da wani babban bincike a ƙarƙashin jagorancin Herman Pontzer na Jami'ar Duke, wanda ya auna mutane fiye da 6,400 daga ƙasashe 29. Sakamakon ya ba mutane mamaki: idan aka yi la'akari da girman jiki da yawan tsoka, ƙonawar ba ta canjawa daga shekara 20 har zuwa 60. Sai bayan 60 take fara raguwa a hankali.

To me ke canjawa? Tsoka da yanayin rayuwa. Daga wajen shekara 30, wanda ba ya aikin ƙarfi yakan yi asarar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a duk shekara 10, kuma tsoka ta fi kitse cin makamashi. A daidai wannan lokacin ne kuma zama ke yawaita. Wanda a da yake taka sayyada zuwa kasuwa ko ya hau keke, yanzu yana da babur ko mota. Wanda yake ɗaukar kaya da kansa ya sami yaran shago. An zama babba a ofis, sai dai a kawo fayil a sa hannu. Aljihu ya ɗan yi nauyi, tsire da balangu sun zama na kowane dare. A al'adarmu ma tumbi alamar hutu ce, har a riƙa yi wa mutum barka da "ka yi kyau", ba wanda zai ja masa kunne.

Mata suna da ƙarin nasu. Tsakanin shekara 45 zuwa 55 ne yawanci jinin al'ada ke ɗaukewa, kuma canjin sinadaran jiki a wannan lokaci yana karkatar da kitse daga ƙugu da cinyoyi zuwa ciki. Sai kuma barci, wanda hidimar iyali da barin nikotin kan dagula. Bincike a Jami'ar Chicago a 2004 ya nuna cewa ƙarancin barci na dare biyu kacal yana ɗaga sinadarin da ke tayar da yunwa, ya rage wanda ke sa a ji an ƙoshi, kuma kwaɗayin ya fi karkata ga zaƙi da kayan sitaci.

Lissafin da ke ba da haushi

Mutum mai kilo 80 da ya yi tafiyar sassarfa ta minti 30 yakan ƙona wajen kalori 150. Idan ya yi haka kwana 5 a mako, ya sami 750. Amma idan da can mai shan kwali guda ne ko fiye a yini, giɓin da barin nikotin ya buɗe zai iya kusantar 1,400 a mako. Ashe tattakin bai ma cike wannan giɓin ba, balle a zo ga abin da baki ya ƙara.

A duba ɓangaren bakin. Robar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da suga kimanin giram 50, wato wajen ƙaramin cokali 12, kuma ta haura kalori 200. Wannan shi ne kusan dukkan abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babba na suga a yini guda. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne. Giram 100 na soyayyiyar gyaɗa ya haura 550. Wanda ya taso daga filin motsa jiki ya yada zango a teburin mai shayi, aka haɗa masa kauri da madarar gwangwani da suga, ga burodi ga wainar ƙwai tana ninƙaya a mai, ya mayar da abin da ya ƙona har da riba. Kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa yana daidai da kalori kusan 7,700.

Akwai kuma wayon da jiki ke yi. Idan aka ƙara motsi, yakan rage kashewa ta wasu wurare, ya ƙara yunwa, ya sa mutum ya fi son kishingiɗa sauran yinin. Pontzer ɗin nan ya taɓa auna mutanen Hadza na Tanzaniya, mafarauta da ke yin tafiya mai nisa kullum, ya tarar cewa abin da jikinsu ke ƙonawa a yini bai wuce na mazauna biranen Turai da Amurka masu girman jiki irin nasu ba.

Wannan ba ya nufin motsa jiki aikin banza ne. Yana sauke hawan jini, yana gyara suga, yana rage kitsen cikin ciki ko da sikeli bai motsa ba, yana kwantar da sha'awar taba, kuma yana taimakawa wajen hana ƙibar da aka sauke dawowa. Abin da ba zai iya ba shi ne ɗaukar nauyin rage ƙiba shi kaɗai.

Ina mafita?

A fara da abin sha, domin zaƙin da aka kurɓa ba ya ƙosarwa. Lemon kwalba da na malt, da zoɓo da kunun aya da aka cika wa suga, da fura mai zaƙi, su koma na lokaci-lokaci. A rage sugan shayi sannu a hankali har harshe ya saba. Mutane da yawa daga nan kaɗai suke fara ganin canji.

Sai kwano. Ba a ce a bar tuwo ko shinkafa ba, amma mai cin malmala uku ya koma biyu, a cike gurbin da ganye: zogale, rama, alayyahu, kabeji. A sa wake, ƙwai, kifi, nono ko nama marar kitse a kowane abinci, domin su ne ke riƙe ciki kuma su ne ke gina tsoka. A yi magana da uwargida a kan man da ke kwance a saman miya, domin wannan gyara ne na gida gaba ɗaya. A guji cin abinci mai nauyi dab da kwanciya. Koyarwar addini ta kasa ciki uku, abinci da ruwa da numfashi, ta isa ma'auni ga mai hankali. Ga bakin da ya saba da motsi kuwa, asuwaki, yalo, gurji ko karas sun fi alewa. Goro ba shi da maiƙo, amma cin sa da yamma yana hana barci.

A ƙara aikin ƙarfi a kan tattaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, tare da kwana 2 aƙalla na atisayen ƙarfafa tsoka. Wannan na biyun shi ne yawanci ake mantawa. Ba sai an je gidan ɗaga ƙarfe ba: tsugunawa da miƙewa, dafa bango ko ƙasa a tura jiki, ɗaga jarkar ruwa, hawa bene, duk sun wadatar. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara tuntuɓar likita.

A sayi tef ɗin tela. Sikeli ba ya bambance tsoka da kitse, amma awon ciki yana faɗin gaskiya. Ƙa'idar mai sauƙi ce: zagayen ciki, a wajen cibiya, kada ya kai rabin tsawon mutum. Mai tsawon santimita 170 ya yi ƙoƙarin zama ƙasa da 85.

Kada a sa buri mai nisa. Rabin kilo a mako ci gaba ne mai kyau. Wani babban gwaji a Amurka da aka wallafa a 2002, a kan mutane fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga, ya nuna cewa waɗanda aka ɗora a kan shirin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kilo 6 ke nan. Ba sai an koma jikin samartaka ba.

Idan an yi duk wannan na wasu watanni ba canji, a je asibiti. Raunin halittar tayirod da ke wuya yana kawo ƙiba da kasala. Wasu magunguna ma suna ƙara nauyi, irin su prednisolone da dexamethasone da ake sha barkatai don ciwon gaɓoɓi, da insulin, da wasu magungunan damuwa. Minshari mai ƙarfi tare da gyangyaɗi da rana abin dubawa ne. Nauyin da ya hau cikin 'yan kwanaki tare da kumburin ƙafa da haki kuwa yana iya zama ruwa ne daga matsalar zuciya ko ƙoda, kuma ba ya jira. Shayin rage tumbi da ake tallatawa a kafafen sada zumunta, yawancinsa zawo da fitsari yake sawa, ruwa ya fita kitse na nan.

Kada a gudu gara a faɗa gidan zago

Gaskiya ne ƙibar bayan barin taba tana da nata haɗarin. Masu bincike a Jami'ar Harvard sun nuna a 2018 cewa yiwuwar kamuwa da ciwon suga kan ƙaru na wasu shekaru ga waɗanda suka yi ƙiba bayan sun daina, kafin ta sake sauka. Amma binciken nan ya kuma nuna cewa har waɗanda suka ƙara fiye da kilo 10 sun fi masu ci gaba da sha tsira daga mutuwa ta ciwon zuciya da sauran cututtuka. Wani nazarin na 2013 a Amurka ya gano cewa sigari na cinye wa mashayi kusan shekara 10 na rayuwa, kuma wanda ya bari tsakanin shekara 45 da 54 yakan ceto kusan 6 daga ciki. Shisha ma ba mafaka ba ce, taba ce a wata riga.

Saboda haka, wanda ya bar sigari ya riga ya ci babban yaƙin. Idan har yanzu sha'awar na taso masa, ya fara tsare wannan nasarar, ya nemi taimakon likita idan da buƙata, domin akwai magungunan da ke sauƙaƙa janyewa. Bayan nan ya zaɓi gyara guda biyu da zai iya ɗorewa a kansu, kamar barin lemo da atisayen ƙarfi sau biyu a mako, ya ba su wata uku, ya riƙa auna cikinsa duk ƙarshen wata. Allah ya ƙara mana lafiya.