Ruwa A Cikin Kunne: Ta Ina Yake Shiga?

A wani ƙauye da muka je taron ƙungiyar manoma, wata uwa ta kawo mana ƙarar ɗanta mai shekara 7. Ta ce ya yi taurin kai, sai ta kira shi sau uku kafin ya amsa, malaminsa ma yana kuka da shi. Muka ba ta shawara ta kai shi asibiti. Ashe ruwa ne ya taru masa a kunne tun murar da ya yi da hunturu. Yaro ya sha bulala a banza.

Ruwa yana maƙalewa a kunne ta hanya biyu, kuma ya kamata mu san bambancinsu.

Hanya ta fari daga waje ce. Ramin kunnen babban mutum ya kai wajen santimita 2 da rabi, kuma ba a miƙe yake ba, yana da ɗan lanƙwasa. A ƙarshensa akwai wata fata siririya, wato dodon kunne, wadda ta toshe hanya. In yaro ya yi iyo a rafi, ko mutum ya nutse wajen su, ruwa yakan shiga ya tsaya a lungun nan. Idan da datti a ciki, sai ya sha ruwan ya kumbura ya rufe ƙofa. Ruwan da ya kwana yana jiƙa fatar ramin, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Daga nan sai ƙaiƙayi da zafi, ko taɓa kunnen ba a iya yi.

Maganin wannan da sauƙi. A karkata kai gefen da ruwan yake, a ja leɓen kunne a hankali, ko a kwanta a kan gefen na ɗan lokaci. A share baki-bakin da tsabtataccen ƙyalle. Kada a zura tsinke, ko ashana, ko gashin kaza. Suna tura datti ciki, har sukan huda dodon kunne.

Hanya ta biyu daga ciki ce, ita ce ta fi ɓoyuwa. Bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki cike da iska. Wani siririn bututu ya haɗa shi da bayan hanci, yana buɗewa duk sa'ad da muka haɗiye yawu ko muka yi hamma. In mura ta kama mutum, bututun yakan kumbura ya toshe. Iska ba ta shiga, sai jiki ya tsattsafo ruwa ya cika ɗakin. Ganga cike da ruwa ba ta amo, haka ji yake raguwa. Yara sun fi kamuwa domin bututunsu gajere ne, kuma a kwance yake. Girgiza kai ba ya fid da wannan ruwa.

Sau da yawa yakan bushe da kansa cikin wata 3. Amma in ya zama mugunya, yaro zai yi zazzaɓi da kukan dare, har dodon kunne ya fashe. In aka ƙyale, yana iya kawo kurumta, ko ciwon ya bi ƙashin bayan kunne, wani lokaci har ya jawo sanƙarau.

Saboda haka, 'yan'uwa, in kun ga mugunya, ko zazzaɓi da ciwon kunne, ko kumburi a bayan kunne, ku tafi asibiti ranar nan. Kada ku ɗiga man ja ko ruwan ganye. Iyaye mata su ɗaga kan jariri lokacin shan mama, su nisanta shi da hayaƙin murhu, su kuma cika masa allurar rigakafi. In yaro ya daina amsa kira, a duba kunnensa kafin a ɗauki bulala.