ZINARIYA, SILIMAR ƊIYAR DAMAGARAM

Ƴan uwa manoma da makiyaya, mun saba da silimar Indiya, inda saurayi da budurwa ke bin juna cikin furanni suna waƙa. To, ga wata silimar soyayya da ta fito daga gidanmu. Sunanta Zin'naariyâ, wato zinariya. Wata ƴar Nijar, Rahmatu Keita, ita ta shirya ta. Ta fito a shekarar 2016.

Ga labarin. Tiya ɗiyar gidan sarauta ce a Damagaram. Ta tafi karatu Faransa, can ta haɗu da saurayin da ranta ke so. Ta komo gida, shi bai zo ba tukuna. Sai jira. Da aka ga ba ta walwala, aka kai ta wurin zima, wato bokan Zabarmawa, ya yi maganar zoben zinariya. Kafin wata ya tsaya, ta yi ta jin labarin waɗansu mata: mai aure, sakakka, da wadda miji ya tafi ya bari.

Wadda ta fito a Tiya sunanta Magajiya Silberfeld, ɗiyar Rahmatu ce ta cikinta. Aikinta da wuya. Ku duba: ɗiyar mutunci ba ta tsayawa gaban manya ta ce ina son wane. Kunya ta hana. To, yaya mai kallo zai san abin da ke cin ta? Magajiya ba ta yi kururuwa ba, ba ta yi birgima ba. Da ido ta yi aikin, da sunkuyar da kai, da shiru. Tana cikin mutane, amma kana gani ka san hankalinta yana wani wuri. Duk matar da mijinta ya tafi cin rani, har damina ta faɗi ba labari, ta san wannan zaman.

Gaskiya silimar tana tafiyar hawainiya, mai son faɗa da gudun mota zai yi gyangyaɗi. Ni ban gaji ba. Na sha kallon tufafi da kwalliyar matanmu, kuma kunnena ya ji Hausa da Zabarmanci da Fillanci.

An nuna ta a Toronto, ƙasar Kanada, a 2016. A 2018 Nijar ta aika da ita gasar Oscar ta Amurka. Kafin ita, ƙasarmu ba ta taɓa aika ko ɗaya ba.