Motar Knight Rider a garejin Kagarko: me aikin zai ci?

Waɗanda suka yi ƙuruciya a zamanin da gida ɗaya mai talabijin kan tara yaran unguwa kakaf ba su manta da baƙar motar nan mai magana ba. Sunan shirin Knight Rider, motar kuma KITT. Tashar NBC ta Amurka ce ta nuna shi daga 1982 zuwa 1986, David Hasselhoff ya fito a matsayin Michael Knight, muryar motar kuwa ta wani ɗan wasa ce mai suna William Daniels. Har yau akwai mutane a Amurka da Turai da ke kwashe shekaru suna ƙera irinta a bayan gida. To a ce wani matashin bakanike a Kagarko ya ɗaura niyyar yin haka, me zai tarar?

Abu na farko da zai gane shi ne, motar da ya gani a talabijin ba mota ɗaya ba ce. Masu shirin sun yi amfani da motoci sama da 20. Akwai wadda ake gogewa tana sheƙi don ɗaukar hoto kusa-kusa. Akwai waɗanda aka rage wa nauyi don tsalle, kuma da yawa daga cikinsu da sun dira sun gama aiki. Akwai wadda aka ɓoye direba a cikin kujerarta don a ga kamar ita ke tuƙa kanta. Wani tsallen ma da 'yar ƙaramar mota ta wasa aka ɗauka. Shirin The Dukes of Hazzard ya fi haka ɓarna, domin ɗaruruwan Dodge Charger ya cinye tsakanin 1979 da 1985. Mai kwaikwayo kuwa mota ɗaya tilo gare shi, ita ake so ta yi kyau a kusa, ta tashi da safe, ta kuma hau titi ta dawo lafiya. Ba a taɓa ɗora wa ta asalin wannan nauyi ba.

Sai maganar gangar jiki. KITT dai Pontiac Firebird Trans Am ce ƙirar 1982. An ci gaba da yin wannan siffar har 1992, sannan kamfanin General Motors ya rufe sunan Pontiac gaba ɗaya a 2010. Ba mota ba ce da ta yi yawa a Najeriya. Ƙasar Fijo ce tamu, tun da masana'antar Kaduna ta fara harhaɗa 504 a 1975, daga baya Toyota da Honda da Golf suka cika hanya. Kana iya zaga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas ka samu ƙofar Corolla kala-kala, amma gilashin bayan Firebird, wanda yake babba ne mai lanƙwasa, sai an yo odarsa daga waje da dala. Ga ƙa'idar kwastam da ta iyakance shekarun tsohuwar motar da za a shigo da ita. Wanda ya ce zai yanka wata mota ya mayar da ita KITT kuwa, ido zai kama shi daga nesa, domin tsawon bonet da faɗin jiki da kwanciyar gilashin gaba ba sa ɓoyuwa.

Ni dai ban yarda cewa gwaninta ce matsalarmu ba. Je ka tsaya wajen mai bugun bodi a Kafanchan ko Jere ka ga yadda yake karɓar motar da ta yi karo ta lotse. Zai hura wutar gas a kan ƙarfen har ya yi ja, ya sa dungun ƙarfe a ciki, ya riƙa bi da guduma a hankali daga waje, yana shafawa da tafin hannu yana jin inda ya rage tudu. Hannun nan ya fi ido gani. A kasuwar Panteka ta Kaduna kuma akwai masu narka alminiyum su zuba a cikin yashi su fitar da tukunya ko wani ɓangaren inji. Marfin tayar KITT, wanda yake wahalar samu ko a Amurka, ba zai gagare su ba muddin an ba su samfuri.

Samfurin ne babu. Hancin motar, wanda Michael Scheffe ya zana, ba na ƙarfe ba ne, zuba shi ake yi a mazubi da irin zaren gilashin da ake yin kwale-kwalen zamani da shi. Haka allon gaban direba mai maɓallai barkatai, da sitiyarin da ya yi kama da na jirgin sama. Duk wannan aikin awo ne na milimita, kuma bakanikenmu daga hoton waya zai kwafa. Ya kuma zama dole ya zaɓi KITT ta wace shekara yake nufi, tunda an sauya allon da hancin a tsakiyar shirin.

Ko jar fitilar nan mai kai da komo a gaba tana da sirrinta. Ta asali ƙwayaye ne masu zare, irin waɗanda in an kashe su sai haskensu ya dushe sannu a hankali, shi ya sa ake ganin kamar wutar tana jan jela. Fitilun LED na yanzu ɗauke wuta suke yi farat ɗaya. Mai haɗa wayoyin mota zai iya sa su gudu dama da hagu cikin yini guda, amma in bai tsara musu wannan dushewar ba, duk wanda ya san shirin zai ce ba ita ba ce. Abin da ya fi ba mu mamaki a da, wato maganar motar, shi ne ya zama mafi sauƙi yanzu, wayar hannu da lasifika sun wadatar.

Akwai kuma doka. A 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke wa wani maƙeri mai suna Mark Towle hukunci cewa motar Batman mallakar kamfanin DC Comics ce kamar yadda Batman ɗin yake, don haka ba shi da ikon ƙera ta yana sayarwa ba da izini ba. Yi don kanka daban, yi don kasuwa daban.

In ma an gama, ina za a tuƙa ta? Mota ce mai kwanciya ƙasa-ƙasa, hancinta ya kusa taɓa kwalta. Hanyoyin ƙauyukan da ake fito da citta a Kagarko da Kachia da damina ba za su bar wannan hancin ya kwana biyu ba.

Duk da haka ba zan ce wa yaron da ke wannan mafarki ya daina ba. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da aka haifa a Kaduna a 1966, da zanen mota a takarda ya fara, ya je Detroit ya yi karatu, ya shiga General Motors, ya yi aikin zanen Pontiac G6, sannan ya zana Chevrolet Volt da aka nuna a 2007. Abin da ke damuna shi ne yaran da ke koyon aiki a garejojin kudancin Kaduna, masu hannu kamar nasa, waɗanda za su shekara bakwai gaban oga ba wanda ya koya musu karanta zanen injiniya ko haɗa mazubi. Kwalejojin fasaha na jihar da hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, wadda Jelani ya shugabanta daga 2017 zuwa 2023, su ne ya kamata su kai wannan ilimin har cikin garejin, da yamma bayan an tashi aiki, a kuma koyar da shi da Hausa.